A Bar Wa Makaranta Alƙalaminta, Amma Ta Rubuta Dalili



Duk lokacin da aka ce tallafi ya iso makaranta, na kuɗi ne, ko yunifom, ko jakar littattafai, ko biyan kuɗin jarrabawa, abin da ake fara nema shi ne jerin sunaye. Daga ranar da aka nemi wannan jeri, shugaban makaranta ya yi sallama da barci mai daɗi. Kansila zai aiko da 'yar takarda, wani babba a unguwa zai turo yaronsa, wani daga ofis zai bugo waya ya ce akwai mutum biyar da yake so a duba masa. Idan jerin ya fito, duk wanda bai ga sunan ɗansa ba zai ce malamai sun cinye, ko sun cusa 'ya'yansu. Wannan gajiya ce ta haifi wani ra'ayi da ke ƙara ƙarfi har a cikin ɗakunan malamai: a cire hannun makaranta gaba ɗaya, a kafa ƙa'ida guda daga sama, kwamfuta ta tace sunaye, wanda ya faɗa ciki ya samu, wanda ya faɗa waje ya haƙura. Na ɗauki alƙalami ne don in yi jayayya da wannan ra'ayi. Kuskure ne, kuma yaran da aka ce za a kare su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa.

Ba na musun ɓarnar da ake kuka da ita. Duk wanda ya shekara goma yana riƙe da alli ya taɓa ganin jerin marayu wanda sunan farko a cikinsa na yaro ne mai uwa da uba a raye. Akwai shugabannin makarantu da suka ci amana da son ransu, akwai kuma waɗanda aka tsorata da canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta zuwa, har suka sa hannu a abin da zuciyarsu ba ta so. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: tsarin da ya miƙa wa mutum ɗaya alƙalami, bai ce ya rubuta dalili ba, bai kuma ba shi garkuwa daga masu matsa masa ba, shi ya buɗe ƙofar. Abin tambaya shi ne ko ƙwace alƙalamin zai rufe ta.

Mu duba abin da ƙa'ida marar lanƙwasa ta yi a ƙasar nan kwanan baya. A ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗaliban manyan makarantu rancen karatu. Dokar ta ja layi guda: kuɗin shigar ɗalibi ko na iyalinsa su gaza naira 500,000 a shekara. Ta kuma ce ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Masinja da matarsa mai sharar asibiti, in an haɗa albashinsu, naira 720,000 ke nan a shekara, don haka a idon dokar 'ya'yansu sun fi ƙarfin taimako. Malamin firamaren da albashinsa ya kai naira 42,000 a wata shi ma ya tsallake layin, ko da bakuna goma yake ciyarwa, kuma mako biyu ke nan da cire tallafin man fetur. Shi kuwa mai shaguna uku a kasuwa, wanda babu takardar albashin da za ta tona shi, hanya a buɗe take gare shi. Ba a cika shekara ba aka soke dokar. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwa, aka cire layin kuɗin da sharaɗin masu tsayawa, asusun NELFUND ya fara aiki a kanta. Layin da ba a ba kowa ikon lanƙwasawa ba, ƙarshensa sai da aka karya shi.

Rance ana iya buɗe shi ga kowa, tun da biya za a yi. Kyauta mai iyaka ba ta samun wannan sauƙi. Idan yunifom ɗari aka kawo wa makaranta mai yara dubu, ko shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 ya ware kuɗi domin 'yan matan gidaje marasa ƙarfi su shiga sakandare su kuma zauna, dole wani ya zaɓa. Masu son kwamfuta ta zaɓa sun manta cewa abin da aka zuba mata take maimaitawa, kuma fom hoton jiya ne. Gidan da mai ɗaukar bayani ya rubuta a matsayin mai rufin asiri a watan Agustan 2024 a Maiduguri, bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba yana iya zama gidan da ba shi da ko tabarma. Ɗan kasuwar da aka ƙirga cikin masu hali kafin gobarar Kasuwar Monday a 2023, washegari yana iya zama mai neman abin da zai kai gida. Rajista ba ta bin mutum zuwa asibiti ko maƙabarta. Malamin aji ne yake ganin yaron da ya saba zuwa da kuɗin tara ya koma zama a aji lokacin tara, yana cewa ba ya jin yunwa.

Ko babu ambaliya ko gobara, akwatunan fom ba su isa su ɗauki rayuwar mutanenmu ba. Fom yana tambaya: mahaifi yana raye? Kowannenmu ya san yaron da amsarsa "e" ce, amma uban ya tafi ci-rani shekara huɗu ba amo ba labari, ko yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ko ya saki uwar ya kama wata rayuwa. Mun kuma san maraya wanda baffansa attajiri ya ɗauke masa komai, har direba ke kawo shi. Fom yana tambaya: sana'ar mahaifi? A rubuta "ma'aikacin gwamnati", alhali ya yi ritaya shekara uku yana zaryar garatuti. In aka bar wa akwatin fom hukunci, marayan attajiri zai samu, ɗan mai shanyewar jiki ya koma gida hannu rabbana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan magana mai ɗakin shi ne malamin da yake kiran sunan yaron kowace safiya.

Kada a ce wannan tunanin mutanen da ba su waye da na'ura ba ne. Amurka ba a zarginta da ƙarancin kwamfuta ko takardun haraji. A can ɗalibin da ke neman tallafin gwamnatin tarayya don karatun jami'a yana cika fom guda mai suna FAFSA, a lissafa ƙarfin iyalinsa da ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Amma fom ɗin yana amfani ne da kuɗin shigar shekara biyu da suka wuce, kuma masu dokar sun san abin da shekara biyu ke iya yi wa gida. Saboda haka sashe na 479A na Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965, kamar yadda aka yi mata gyare-gyare, ya ba jami'in tallafin karatu na kowace makaranta ikon duba halin ɗalibi ya gyara alƙaluman da aka shigar. In uba ya rasa aiki, ko jinya ta cinye dukiyar gida, jami'in yana iya sauya lissafin. In iyaye sun yi watsi da ɗalibi, ko zama da su haɗari ne gare shi, ana iya ɗaukar sa a matsayin mai cin gashin kansa, a daina lissafa dukiyarsu.

Abin koyi a nan shi ne igiyoyin da aka ɗaure wannan iko da su. Jami'in ba ya taɓa ma'aunin kansa, alƙaluman da ake zubawa a ciki kawai yake gyarawa. Ba ya yanke hukunci a kan rukunin mutane a dunƙule, sai ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Dole ya ajiye hujja a fayil, domin masu binciken kuɗi za su zo su duba. Ƙin iyaye su biya, shi kaɗai, bai isa dalilin cire dukiyarsu daga lissafi ba. Sannan dokar da majalisarsu ta zartar a Disambar 2020 ta ƙara wasu sharuɗɗa: an hana makaranta ta kafa manufar ƙin duk wata buƙata ba tare da dubawa ba, an wajabta mata ta sanar a fili cewa ɗalibai suna da damar neman a sake duba halinsu, an kuma hana karɓar ko sisi don wannan dubawa. Wato sun gano cewa ikon da talaka bai san da shi ba, na masu ido a buɗe ne kawai.

Masu cewa ƙa'ida tsayayya ba ta cutuwa su saurari wannan. A 2019 'yan jarida a jihar Ilinoyi suka bankaɗo yadda wasu iyalai masu hali a unguwannin kewayen Shikago suke zuwa kotu su miƙa riƙon 'ya'yansu ga wani ɗan'uwa ko aboki dab da shiga jami'a, domin fom ya ɗauke su a matsayin marasa mai ɗaukar nauyi, su kwashi tallafin da aka tanada don talakawa. A takarda komai daidai yake, babu akwatin da aka cika ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikatan makaranta ne, masu ido da tambaya, suka lura cewa akwai lauje cikin naɗi. Mai wayo da lauya ya fi kowa son ƙa'ida marar ido, domin ya san inda zai bi ya kewaye ta.

Ba ina cewa mu kwafo tsarin Amurka da gashinsa ba. Yana da aibi babba: hukuncin jami'in makaranta shi ne na ƙarshe, ɗalibi ba shi da damar kai ƙara ma'aikatar ilimi ta tarayya. A ƙasar da waya ɗaya daga babban mutum take iya sauya jeri, wannan ba zai yi mana ba. Akwai kuma darasi mai ɗaci daga Ingila. Har zuwa 2011 ɗaliban gidaje masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 16 zuwa 19 suna karɓar alawus da ya kai fam 30 a mako bisa ƙa'ida ta ƙasa, shirin da ke cin kimanin fam miliyan 560 a shekara. Gwamnati ta soke shi, ta kawo asusun fam miliyan 180, ta ce makarantu su raba mafi yawansa yadda suka ga ya dace, tun da su suka fi sanin ɗalibansu. Maganar ta yi daɗin ji, amma kuɗin sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma malamai aka bar wa aikin kallon idon yaro su ce masa babu. Duk ranar da hukuma ta ce ta ba mu ikon zaɓa, mu fara tambayar nawa ne a cikin jakar. Ba za mu yarda a mayar da mu bakin da ake faɗin "babu" da shi ba.

Yanzu mu dawo gida mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ikon duba hali yana nan a makarantunmu tun tuni, a ɓoye yake aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma kowa ya san akwai yunifom, da littattafan rubutu, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da 'yan kuɗin takardar jarrabawar ƙarshen zango. Kullum shugabannin makarantu suna ɗauke wa wani yaro wannan ko wancan. Kullum wata malama tana zaro ɗari biyar daga jakarta ta biya wa yarinyar da ta ga hawaye a idonta, daga albashin da bai kai ta ƙarshen wata ba. Ba a rubuta ko ɗaya. Sakamakon haka, uwar da ta san ƙofar ofis kuma ba ta jin nauyin roƙo tana samun sassauci, ita kuwa mai kunya, wadda ta fi ta buƙata, sai ta zaunar da 'yarta a gida ta ɗora mata tallan gyaɗa. Alherin da ba a rubuta ba ba ya kare mai yin sa ranar da aka zarge shi, cin amanar da ba a rubuta ba kuma ba ta da sawun da za a bi. Duhu ɗaya ne yake rufe su duka biyu, shi ya sa mutumin kirki da ɓarawo suke shan zagi iri ɗaya a bakin gari.

Don haka ga abin da nake roƙon reshenmu ya ɗauka a matsayin matsaya, ya kai gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB.

Na farko, duk shirin tallafi da zai shigo makaranta ya zo da ma'auninsa a rubuce, da Hausa, a manna a allon sanarwa, a kuma karanta shi a taron iyaye saboda waɗanda ba su karatu. A faɗi adadin guraben da aka bayar. A faɗa a fili cewa duk wanda halinsa ya sauya, ko yake ganin fom bai faɗi gaskiyar gidansa ba, yana da damar neman a sake dubawa, kuma kyauta ne.

Na biyu, a ba makaranta ikon saka yaron da ma'auni ya tsallake, da cire wanda ya shiga ba bisa cancanta ba, amma kada ya zama hukuncin mutum ɗaya. Hannu uku za su sa: shugaban makaranta, malamin ajin yaron, da wakili ɗaya daga kwamitin SBMC wanda ba ma'aikacin makarantar ba ne, zai fi kyau ta kasance cikin iyaye mata. Wanda yaron ya zama ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa ya tashi ya ba da wuri har a gama.

Na uku, a buɗe littafi mai lambar shafi wanda ba a yage masa takarda. Kowane canji a rubuta sunan yaro, kwanan wata, dalili, da shaidar da aka dogara da ita. Mutanenmu ba su da takardar haraji, don haka a karɓi irin shaidar da muke da ita: katin asibiti, rahoton malamin da ya taka ya je gidan, ko maganar mai unguwa da limami ko fasto, a rubuce da sa hannunsu. Yaro ɗaya, shafi ɗaya. Ba a yarda a rubuta "'ya'yan unguwar kaza" a dunƙule ba.

Na huɗu, duk takardar alfarma da ta shigo daga ko wane ne, a manna ta a cikin wannan littafi. Duk wayar da aka bugo, a rubuta sunan mai bugowa da ranar. Ina tabbatar muku, ranar da masu aiko takardu suka ji cewa rubutunsu zai kwana a littafin da sufeto zai buɗe, yawancinsu za su nemi wata hanyar yi wa mutanensu hidima. Wannan ita ce garkuwar da shugaban makaranta bai taɓa samu ba.

Na biyar, iyayen da ba su gamsu ba su sami inda za su kai kuka a wajen makarantar, a ofishin sakataren ilimi, a kuma ba su amsa cikin kwanakin da aka ƙayyade. Na shida, a ware wani kaso na guraben, ko da ɗaya cikin goma ne, a ajiye don abin da tsakiyar shekara za ta kawo, domin mutuwa da gobara ba su jiran lokacin cika fom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: malamin da ke fama da yara fiye da ɗari a aji ɗaya, yaushe zai sami lokacin zagaya gidaje da cika littafi? Ƙorafin gaskiya ne, shi ya sa dole matsayarmu ta haɗa da cewa hukuma ce za ta kawo littafin da takardun, ta biya kuɗin mota in ziyara ta kama, ta kuma ware lokacin wannan aiki a cikin lokutan makaranta. Amma mu tuna aikin nan muna yin sa yau ma, a tsaye a bakin ƙofa, a cikin raɗa. Rubuta layi biyar bai kai wahalar wata uku ana nuna mutum da baki a kasuwa ba. Wasu kuma za su ce rubuta talaucin gida tonon asiri ne. Wannan ma abin lura ne, don haka ma'auni da adadi ne za su hau allo, dalilin kowane yaro kuwa ya tsaya a littafi, ba mai buɗe shi sai masu sa hannu da mai bincike. Yaro ba zai tsaya a gaban asambuli a kira shi matalauci kafin a ba shi riga ba.

Akwai kuma masu cewa ƙungiya ba ta da hurumi a nan, aikinta albashi ne da ƙarin girma da fansho. Ina tambayar su: idan aka dakatar da shugaban makaranta bisa zargin cusa sunaye, wa ake kira ya tsaya masa? Da wace hujja za mu kare shi in babu littafi? Idan kuma da gaske ya ci amana, da wane ido za mu kalli iyayen yara mu ce su mara mana baya ranar da muka fita neman haƙƙinmu? Mutuncin malami a gari yana cikin jarin ƙungiya, kuma kowane jeri da ya fita babu bayani yana rage shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gara mu nemi a ɗaure alƙalaminmu da sharuɗɗan da muka tsara da kanmu, da a wayi gari an ƙwace shi an miƙa wa wanda bai taɓa ganin fuskar yaran ba.

Ina roƙon shugabannin reshe su saka wannan batu a ajandar taronmu na gaba, kowace makaranta ta zo da bayanin yadda take zaɓen masu cin tallafi a yanzu, mu kwatanta, mu fito da takarda guda. Kafin hukuma ta amsa, babu abin da ya hana kowane shugaban makaranta ya sayi littafi mai shafi tamanin gobe da safe, ya kira malamin aji da uwa ɗaya daga kwamiti, su fara rubutawa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya kuma kare mu daga zaluntar wanda ba shi da mai magana a madadinsa.